Ɗan Gida Da Noma, Baƙo Da Girbi

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana bin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu, wato Super Eagles, kuma muna ganin ya kamata a faɗe ta a fili a wannan shafi, tun da yake da wuya a sami gida a cikinmu wanda ba shi da mai manna kunne a rediyo ranar wasa. Ɗabi'ar kuwa ita ce: idan aiki ya yi tsanani, aljihu kuma babu nauyi, sai a kira ɗan gida a ce ya zo ya ceci ƙasa. Idan ya ceto ta, aka fara ɗaura kaya za a tafi inda duniya za ta gani, sai a tuna cewa ai bai ƙware ba, a nemo baƙo a ba shi kujerar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Domin kada a ce zargi muke yi ba hujja, bari mu fara da marigayi Amodu Shuaibu. Mutanen Binuwai sun san shi tun kafin sauran ƙasa ta san shi, gama shi ne ya horar da BCC Lions ta Gboko har ta ɗauko kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu, a shekarar 1990. A watan Afrilu na 2001 Saliyo ta ci Nijeriya ɗaya da nema a Firitawun, hanyar zuwa gasar Kofin Duniya ta 2002 ta kusa toshewa, aka sallami Bonfrere Jo ɗan ƙasar Holand, aka miƙa wa Amodu ragowar wasa uku, tare da Stephen Keshi da Joe Erico suna taimaka masa. Ya ci Laberiya biyu da nema a Fatakwal. Ya bi Sudan har gida ya zura mata huɗu. Ya rufe da Gana uku da nema. Nijeriya ta sami tikiti. Da aka je gasar Kofin Afirka a Mali a farkon 2002, Senegal ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, muka dawo da matsayi na uku. Wannan na ukun shi ya zama laifinsa. Aka kore shi, aka ba Festus Onigbinde ƙungiyar saura 'yan watanni a fara gasa, aka ajiye kyaftin Sunday Oliseh da Finidi George a gida. Abin da aka samo a Japan maki ɗaya ne tak, daga kunnen dokin da aka yi da Ingila.

Wani zai ce ai Onigbinde ma ɗan gida ne. Gaskiya ne, kuma shi ma ba a yi masa adalci ba, domin ba a gina ƙungiya cikin wata uku. Amma a jira a ji na biyun. A 2008 aka sake kiran Amodu. Ranar 14 ga Nuwamba 2009 ya ci Kenya uku da biyu a Nairobi, a daidai lokacin da Mozambik ke doke Tunisiya, Nijeriya ta haye zuwa Kofin Duniya na farko da za a yi a ƙasar Afirka. Aka je Angola a watan Janairu na 2010, ya sake dawowa da na uku. Sai aka ture shi gefe, aka ɗauko Lars Lagerbäck, mutumin da ya kasa kai ƙasarsa Suwidin wannan gasa ɗin dai. Jama'a, ku duba wannan lissafi: wanda ya ci jarrabawa an zaunar da shi a gida, wanda ya faɗi an ba shi takardar shaida. Lagerbäck ya sha kashi a hannun Ajantina da Girka, ya yi canjaras da Koriya ta Kudu, ya tattara nasa ya koma ƙasarsu da maki ɗaya, daidai da na Onigbinde, sai dai ladansa ya ninka nesa ba kusa ba. Har Amodu ya bar duniya a watan Yuni na 2016, yana da shekara 58, bai taɓa zama a bencin Nijeriya a Kofin Duniya ba, alhali sau biyu shi ya kai ta bakin ƙofa.

Cikin mako guda kuma cikin gari guda, wato Binin, aka rasa shi da Stephen Keshi. Keshi ya riga shi da 'yan kwanaki, yana da shekara 54. Labarin Keshi ya fi tsawo, kuma ya fi nuna abin da muke nufi. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar da ta ci Kofin Afirka a 1994. Tun kafin nan shi ya buɗe wa samarinmu hanyar Turai, daga Abijan ya wuce Beljiyam, ya buga wa Lokeren da Anderlecht, na baya suka bi sawunsa. Da ya koma horarwa, ƙaramar ƙasa Togo ta ba shi amana, ya kai ta Kofin Duniya na 2006 a gaban Senegal da Zambiya da Mali, abin da ba ta taɓa yi ba. Togo ma ta yi masa irin ta gida: ta sallame shi kafin gasar, ta ba Bajamushe Otto Pfister. Ashe cutar ba tamu kaɗai ba ce.

A ƙarshen 2011 aka ba shi Super Eagles, bayan ta kasa samun gurbi a Kofin Afirka na 2012. Abin da ya yi shi ne abin da aka daɗe ana cewa ba ya yiwuwa. Ya zagaya ya duba yaran da ke buga wasa a nan gida, ya tara su a sansani, ya tafi Afirka ta Kudu a 2013 da shida daga cikinsu, ya bar waɗansu manyan sunaye suna ta ƙorafi a jaridu. Ba wanda ya ba ƙungiyar nan ko kwabo ranar da za ta haɗu da Kwaddibuwa mai su Didier Drogba da Yaya Touré. Aka ci su biyu da ɗaya, kuma Sunday Mba, ɗan wasan cikin gida, shi ya ci ta biyun. Aka lallasa Mali huɗu da ɗaya. Ranar 10 ga Fabrairu 2013 a Johanasbag, Mba ɗin nan ya sake cin ƙwallo ɗaya tilo da aka doke Burkina Faso da ita, kofi ya dawo gida bayan shekara 19. Kafin Keshi, mutum ɗaya ne kawai a nahiyar nan ya taɓa cin wannan kofi yana ɗan wasa ya kuma ci yana mai horarwa, shi ne Mahmoud El-Gohary na Masar.

To, me ya biyo baya? Washegarin nasarar Keshi ya ce ya ajiye aiki, saboda irin zaman da ya yi da shugabannin hukumar ƙwallo a lokacin gasar, sai da manya suka sa baki ya janye. Kafin shekarar ta ƙare yana bin bashin albashi na watanni. Duk da haka ya kai Nijeriya Kofin Duniya na 2014 a Birazil, ya fitar da ita daga rukuni, abin da rabonmu da shi tun 1998, kafin Faransa ta cire mu da ci biyu. Daga nan sai aka shiga wasan yara: yau ya tafi, gobe ya dawo, jibi an kore shi, gata an ce daga sama an ba da umurni a mayar da shi. A watan Yuli na 2015 aka sallame shi sallamar ƙarshe. A watan Disamba matarsa ta rasu. Bayan wata shida ya bi ta. Yanzu akwai babban filin wasa a Asaba mai ɗauke da sunansa, kuma ya cancanta, sai dai suna a jikin bango ba ya biyan bashin albashi.

A nan dole mu tsaya mu yi adalci, kada a ɗauka muna ƙin baƙo don baƙuncinsa. Yabon gwani ya zama dole. Otto Glória ɗan Birazil shi ya ba mu kofin farko a 1980. Clemens Westerhof kuwa, duk wanda ya ga ƙwallon shekarun 1990 ya san ba a taɓa yin ƙungiya irin tasa ba. Amma a tambaya, me aka ba Westerhof wanda ba a ba Amodu da Keshi ba? Ya zo a 1989, a ƙarshen wasannin neman zuwa Kofin Duniya na 1990, Kamaru ta hana mu tafiya. Ba a kore shi ba. Wasansa na farko a Kofin Afirka na 1990, Aljeriya ta zuba masa biyar da ɗaya. Ba a kore shi ba, ya daure ya kai wasan ƙarshe, Aljeriyar ta sake cinsa ɗaya da nema. A Senegal a 1992 ya zo na uku, wato matsayin da aka kori Amodu a kansa har sau biyu. Ba a kore shi ba. Sanin kowa ne kuma cewa ƙofar mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Augustus Aikhomu, a buɗe take gare shi, ba sai ya bi ta ofisoshin da takarda ke kwana wata uku ba. Shekara biyar aka ba shi yana shuka yana ban ruwa. Sai a ta huɗu, ranar 8 ga Oktoba 1993, Finidi George ya ci ƙwallon da ta kai mu Kofin Duniya na farko, a kunnen dokin da aka yi a Aljiyas. A ta biyar aka ci kofi a Tunis, ranar 10 ga Afrilu 1994, da ƙwallaye biyu na Emmanuel Amunike a ragar Zambiya, ƙasar da ta rasa kusan dukan 'yan wasanta a haɗarin jirgin sama a gaɓar Gabon shekara guda kafin nan. A wannan wata hukumar FIFA ta sa Nijeriya ta biyar a duniya.

Saboda haka asirin Westerhof ba a fatarsa yake ba. Lokaci ne, da goyon baya, da kuɗin aiki a kan kari. Da aka zo ana ɗauko baƙi ba tare da waɗannan ba, ai mun ga yadda ta kaya. Philippe Troussier ya sama mana gurbi a Kofin Duniya na 1998, aka rabu da shi, aka kawo Bora Milutinović. Aka ci Sifen uku da biyu da wannan dukan na Oliseh da har yau ake labari, muka fara lissafin haɗuwa da Birazil, Denmak ta farkar da mu da huɗu da ɗaya. Berti Vogts ya zo a 2007 da babban suna, Gana ta fitar da shi a zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a 2008, ya tafi. Gernot Rohr shi ne ya fi daɗewa, daga 2016 zuwa ƙarshen 2021, shi ma sai da ya kai ƙara gaban FIFA a kan kuɗinsa. Bambancin kawai shi ne baƙo yana da inda zai kai ƙara, kuma ba ya jin kunyar kaiwa. Ɗan gida idan ya tambayi haƙƙinsa sai a ce ba shi da kishin ƙasa.

Ba kuma muna cewa duk ɗan gida gwani ne ba. Samson Siasia ya kasa kai mu Kofin Afirka na 2012. Keshi kansa ya kasa kai mu na 2015, muna riƙe da kofin. A hannun Augustine Eguavoen Gana ta hana mu zuwa Katar, ranar da 'yan kallo suka farfasa filin wasa na Abuja a watan Maris na 2022. Waɗannan duka sun faru. Amma a dubi maƙwabta. Senegal ta ba tsohon kyaftin ɗinta Aliou Cissé aiki a 2015. Ya faɗi a 2017, ya dawo daga Rasha a 2018 bai fita daga rukuni ba, ya sha kashi a wasan ƙarshe a 2019, suka ci gaba da haƙuri da shi, sai a watan Fabrairu na 2022 ya kawo musu kofin da ba su taɓa ɗauka ba. Wanda ya doke shi a 2019 ɗin, Djamel Belmadi, tsohon ɗan wasan Aljeriya ne yana horar da ƙasarsa. Walid Regragui ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2022, inda ƙafar wata ƙasar Afirka ba ta taɓa takawa ba. Mu kanmu wa ya ƙwace mana kofi a Abijan ranar 11 ga Fabrairu 2024? Emerse Faé ne, mataimakin da Kwaddibuwa ta ɗora a tsakiyar gasa bayan ta sallami Bafaranshe. Bayan wata biyu da wannan muka naɗa Finidi George, kafin wata biyu su sake cika ya ajiye aikin, bayan wasa biyu kacal na neman gurbi.

Wannan ke nan game da masu horarwa. Na 'yan wasa ya fi taɓa zuciya, kuma mu mutanen Arewa muna da hannu a cikin labarin fiye da yadda ake faɗa. Sau da yawa ana magana kamar ƙwallon Nijeriya na Legas ne da Inugu da Binin. A ƙirga 'ya'yan garin Kaduna kaɗai: Rashidi Yekini, wanda ya fara da ƙungiyar masaƙar UNTL, Daniel Amokachi na Ranchers Bees, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da wansa Emmanuel mai tsaron gida. A wasan ƙarshe na gasar Olamfik a Amurka, ranar 3 ga Agusta 1996, da aka ci Ajantina uku da biyu, ƙwallaye biyun farko na Babayaro ne da Amokachi, yaran Kaduna, kafin Amunike ya rufe. Jos kuma ta ba da John Mikel Obi da Ahmed Musa. Musulmi ne da Kirista, Bayarabe da Bahaushe da ɗan Binuwai da Inyamuri, sun tashi a fili ɗaya mai ƙura, ba wanda ya tambayi wani inda yake sujada kafin ya ba shi ƙwallo. A garin da muka san abin da ya sha a 2000 da 2002, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yekini shi ne ɗan Nijeriya na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Afirka, a 1993. Shi ya fi kowa cin ƙwallo a Tunisiya, guda biyar. Ranar 21 ga Yuni 1994 a birnin Dalas ya ci wa ƙasar nan ƙwallonta ta farko a tarihin Kofin Duniya, a ragar Bulgeriya, ya shige cikin ragar ya riƙe ta da hannu biyu yana girgizawa yana ihu. Wannan hoto ya zaga duniya, har yau ana buga shi a jikin riga ana sayarwa. Ƙwallo 37 ya ci wa Nijeriya. Ya ƙare rayuwarsa a Badun cikin kaɗaici da rashin lafiya, ya rasu ranar 4 ga Mayu 2012 yana da shekara 48, aka binne shi a garin Ira na Jihar Kwara. Shekarun da ya yi shi kaɗai a gidan nan, hukumar da ta ci moriyarsa tana nan, ofishinta a buɗe, ba ta da wani tsari na leƙa tsofaffin ma'aikatanta. Da ya mutu aka cika jaridu da ta'aziyya.

Alkawari kaya ne. A 1980, da Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, aka doke Aljeriya a Surulere, Shugaba Shehu Shagari ya ba 'yan wasan gidaje a Festac da motoci ƙirar Peugeot, kuma sun karɓa. Ashe abu ne mai yiwuwa. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yi wa 'yan Tunisiya alkawarin gidaje. Kaɗan suka samu da wuri. Saura sai a watan Yuni na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba su, bayan shekara 27. An gode da aka cika, amma a lokacin Keshi da Uche Okafor da Thompson Oliha da Wilfred Agbonavbare duk suna kabari. Agbonavbare ɗin nan, mai tsaron gida na biyu a ƙungiyar, ya yi shekaru yana tsare ragar Rayo Vallecano a Sifen. Bayan ya bar wasa ya koma aikin ɗaukar kaya a filin jirgin saman Madrid, ciwon daji ya kashe shi a watan Janairu na 2015. Christian Chukwu, kyaftin ɗin da ya fara ɗaga kofi a 1980, wanda kuma ya horar da ƙungiyar har aka cire shi bayan kunnen doki da Angola a Kano a 2005, da ciwo ya kwantar da shi a 2019 sai da attajiri Femi Otedola ya biya kuɗin kai shi asibiti a Landan. Allah ya saka wa mai taimako. Amma lafiyar kyaftin ɗin ƙasa ba abin da za a bar wa sa'ar samun mai tausayi ba ne. Wanda ba attajirin da ya ji labarinsa fa?

Mun san amsar da ake bayarwa, mun kuma ji ta a bakin 'yan'uwa da yawa: ai sun sami kuɗi a zamaninsu, wa ya hana su tanadi? Malamin makaranta da ya yi shekara 35 yana cin alli, yana bin layin fansho har ya faɗi, shi wa ya ba shi gida? Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Lalle akwai waɗanda suka samu suka watsar, kuma ya kamata samarinmu masu mafarkin Turai su sani cewa kasuwar ƙafa gajeriya ce, da wuya ta wuce shekara 15, rauni ɗaya a gwiwa kuma yana iya tashinta tun da hantsi. Amokachi bai kai shekara 30 ba gwiwa ta raba shi da babban wasa. Nwankwo Kanu yana dawowa daga Atlanta da zinariya likitocin Inter Milan suka gano ciwo a zuciyarsa, sai da aka yi masa aiki a Amurka. Samuel Okwaraji bai ma sami wannan dama ba: ya faɗi a tsakiyar fili a Surulere ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasa da Angola, yana da shekara 25, bai tashi ba. Amma zaluncin da aka yi wa malami ba ya halatta wanda aka yi wa ɗan ƙwallo. Hannu ɗaya ne ya riƙe haƙƙin su biyun. Kuma abin da muke magana a kai ba kyauta ba ce, lada ne da aka yi yarjejeniya a kansa, da alkawarin da aka ɗauka a gaban jama'a ba wanda ya tilasta.

Abin mamaki ma shi ne yadda yaran nan suke ci gaba da amsa kira. Victor Moses yana da shekara 11 aka kashe mahaifinsa, wanda fasto ne, tare da mahaifiyarsa, a rikicin Kaduna na 2002. Aka fitar da shi zuwa Ingila neman mafaka, can ya girma, ya buga wa ƙananan ƙungiyoyin ƙasar Ingila wasa. Da lokacin zaɓi ya yi, ya zaɓi ƙasar da ta mai da shi maraya. A 2013, ranar da Nijeriya ke bakin fita tun daga rukuni, shi ya ci ƙwallaye biyu na bugun daga kai sai mai tsaron gida a ragar Habasha. Ba domin su ba, da ba a yi maganar Sunday Mba ba. Yaro irin wannan ba a bin sa bashin kishin ƙasa. A 2016 kuma ƙungiyar Olamfik ta Siasia ta maƙale a Atlanta saboda rikicin kuɗin jirgi, ta sauka a Manaus na Birazil saura 'yan sa'o'i a take wasa, ta ci Japan biyar da huɗu, ta dawo da tagulla, lambar da ita kaɗai Nijeriya ta samo a wannan gasa. Wani likita ɗan Japan ne, Katsuya Takasu, ya ji tausayinsu ya ba su kyautar kuɗi daga aljihunsa.

Saboda haka muna kira ga hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da ma'aikatar da ke kula da wasanni. Duk wanda za a ba ƙungiyar nan, baƙo ne ko ɗan gida, a rubuta masa yarjejeniya iri ɗaya, da wa'adin da zai isa a ga aikinsa, da albashin da za a iya biya a ƙarshen kowane wata. Wanda ya sama wa ƙasa gurbi a gasa, a bar shi ya kai ta gasar, in ya faɗi a can sai a yi masa hisabi. Kuɗin da FIFA ke biyan kowace ƙasa da ta je Kofin Duniya miliyoyin dala ne, kuma sau shida muna zuwa. A ware wani kaso a rubuce domin asibitin tsofaffin 'yan wasa, a sa wakilansu cikin masu riƙon asusun, a riƙa buga lissafinsa kowace shekara kowa ya gani. Shugabanni kuma su rage alkawarin da ake yi cikin zafin murna a gaban na'urar ɗaukar hoto. Gara a ba mutum buhun masara a hannu da a yi masa alkawarin rumbu.

Masu kallo ma akwai nasu. Waɗanda suka cika gidajen rediyo da kiran a kori Amodu a 2010 ba 'yan hukuma ba ne, masu saye da sayarwa ne da 'yan acaba da ma'aikata, waɗanda suka ce wasansa ba daɗin kallo. Hukuma takan fake da wannan hayaniya ta yi abin da dama take so. Inuwar giginya muke so mu zama, na nesa ya sha, na gindi ya ƙone.

Kada kuma a ce wannan tsohon labari ne. A watan Nuwamba na 2025, a Rabat, kwana biyu kafin wasan neman gurbi da Gabon, 'yan Super Eagles da ma'aikatansu suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus, kamar yadda na gabansu suka yi a Birazil a 2014 kafin wasa da Faransa. Sun ci Gabon huɗu da ɗaya, amma Kwango ta Kinshasa ta fitar da su a bugun fenariti, Nijeriya ta rasa Kofin Duniya karo na biyu a jere, tana da Victor Osimhen da Ademola Lookman, waɗanda aka zaɓa gwarazan Afirka a 2023 da 2024. Watanni kaɗan kafin haka, ranar 3 ga Yuli 2025, Peter Rufai mai tsaron gidan 1994 ya rasu. A wurin jana'izarsa a Legas, Taribo West, tsohon ɗan bayan nan wanda ya zama fasto, ya tsaya gaban 'yan jarida cikin ɓacin rai ya ambaci Keshi da Yekini da Oliha, ya ce shi ba zai shawarci ɗansa ya buga wa ƙasar nan ba. Mutumin da ya faɗi haka yana cikin waɗanda suka ɗauko mana zinariya a 1996.